Na Kai Ƙarar Agogo Legas

Tun ranar da na dawo ban ɗebi ruwa a rijiya cikin kwanciyar hankali ba. Ina jefa guga Hajara za ta ce, "To ƴar Legas, ba mu labari." Ina jawowa Zuwaira za ta ce wai ta ji an ce da zakara na shiga jirgin sama. Na faɗa, na sake faɗa, kowace ta ɗauki guntu ta kai gida ta ƙara masa gishiri. Shi ya sa na nemi kaye, littafin rubutu, da alƙalami in rubuta sau ɗaya in huta. Karatuna aji uku ne a lakol, makarantar boko, sai ɗan abin da na tsinta a yaƙi da jahilci, wadda ta ga kuskure ta gyara a zuciyarta.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Kun san yarinyar nan ta wajena, wadda Inna, uwar maigidan, ke kira Ladi. Ɗiyar fari ce, ba zan rubuta sunanta na yanka ba. Tana da farfaɗiya. Majo, babban ma'aikacin likitar Dungas, ya ba mu ƙwaya, ya ce ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, kada a tsallake, kada a jinkirta. Ya karɓi ƴar wayata mai maɓalli ya saita mata ƙararrawa. Kukan zakara ya zaɓa, wai don kada in ce ban gane ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne caji. Ƙauyenmu ba wuta, sai ranar kasuwa a kai wa Malam Idi mai sola a Dungas. Kuma mace ba ta barin wayarta a hannun mai caji. Batir ake cirewa, ya rubuta masa lamba ya maƙala a allonsa, ke kuma ki ci kasuwarki da gawar waya a ƙugu. In kin dawo kin mayar da batir, agogon ya manta komai, ya koma sifili huɗu, ranar ɗaya ga Janairun wata shekara da ko aure ban yi ba. In Malam Idi na da sarari ya gyara, in kasuwa ta cika ya ce in jira, mai babur ɗin kabu-kabu kuwa ba ya jira. Lambobi na san su, amma hanyar gyaran da Faransanci take, ƙofa cikin ƙofa. Masu cewa me ya hana in bi kiran salla, su tambayi ladaninmu, wanda in gari ya yi hadari shi ke aikowa a duba masa lokaci a wayata.

Daminar bara, washegarin wata kasuwa da ba a samu gyara mini agogon ba, ina gona gari a lulluɓe, na yi ta jiran zakara. Yanzu zai yi, yanzu zai yi. Kafin in farga rana ta yi tsaka a bayan gajimare. Na ruga gida na ba yarinyar ƙwayar, amma da yamma ta faɗi kusa da murhu. Kun ga hannunta na hagu, ba sai na rubuta ba.

Da babbar salla Yaya Balki ta zo gaishe mu. Ɗiyar kawuna ce ta Magarya, ta yi karatu a Kano wurin dangin uwarta, tana aiki a Legas a kamfanin da ke yin irin wayata. Muna zaune da la'asar sakaliya sai zakara ya yi cara a cikin zanina. Kowa ya yi dariya ban da ita. Na ba ta labari. Ta ce ai ita ke wannan ɓangaren, na abubuwan da ake haihuwar waya da su: agogo, fitila, rediyo, abin lissafi. Can aka mayar da ita da ta dawo daga jego, domin wuri ne da ba a gaggawa, ba a kuma leƙawa.

Bayan wata biyu ta kira ni. Ta kai maganar gaban manyansu, sun ce ba wanda ya taɓa kai ƙara. Na ce ina ake kai ƙarar? Ta ce a intanet, da Turanci, ta hanyar da irin wayata ba ta iya shiga. Don haka ta samo izini ta kawo musu ƙara mai ƙafa biyu, kamfani zai ɗauki nauyin tafiya.

Inna ta ce a bar mata yarinyar. Na ce wayar za ta tafi, kuma wayar ce rabin maganin. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyar fari ce fa. A zamaninmu ko kallonta uwa ba ta yi a gaban mutane, ke kuwa za ki goya ta har wata ƙasa." Na sunkuyar da kai, na ci gaba da ɗaure kaya.

Maigidan ya raka mu har Kano. Kabu-kabu zuwa Dungas, daga nan mota zuwa Magarya, wadda ta mutu sau biyu, maza suka sauka suka tura, mu mata muka taya su da addu'a daga ciki. Kwana uku na yi ina tsoron iyaka, ina zaton katanga ce mai ƙofar ƙarfe. Ashe sanda ce a kan ganguna biyu, geron hagu da na dama iri ɗaya. Wani ma'aikaci ya buɗe jakata ya ga ƙwaya ta wata biyu, alhali tafiyar kwana biyar ce. Ya ɗago ido, na miƙa masa karnen likita, wato katin asibitin yarinyar. Ya duba, ya tambayi me zan je yi Legas. Maigidan ya gyara murya zai fara dogon bayani, ni kuwa bakina ya riga shi, na ce ƙarar agogo zan kai. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zaro waya daga aljihu, irin tawa sak. Ya ce in na je in faɗa musu fitilar tasa tana kunna kanta a aljihu tana shanye batir. Direbanmu ya ji, ya ce shi kuma rediyonsa ba ya kamawa sai an soka masa igiyar kunne. Kafin mu kai Kano na tara ƙararraki biyar, kamar wadda za ta aikin hajji ana ba ta sautun addu'a.

Mun kwana gidan wan maigidan. Yaya Balki ta zo ta ɗauke mu da sassafe, maigidan ya tsaya can yana ta jaddada mini in riƙe jaka, ban da magana da baƙi, ko da yake magana da baƙi aka gayyace ni yi.

Ga maganar zakaran, Zuwaira, ki saurara. Da muka zauna a jirgi wata ma'aikaciya ta ce kowa ya kashe waya. Na ce da Yaya Balki ba zan kashe ba, takwas ta kusa. Ta nuna mini agogon hannunta ta ce ita za ta tuna mini. Na kashe. Jirgi bai gama ɗagawa ba ta yi barci, baki buɗe. Ni kuwa hannu ɗaya na riƙe yarinyar, ɗaya na riƙe kujera, ina duk addu'ar da na sani. Can sama, kowa ya yi tsit, sai zakara ya yi cara. Wani mai babbar riga ya ɗage ƙafafu yana leƙen ƙarƙashin kujera. Ma'aikaciyar ta taho da sauri tana duba jakunkuna. Na zaro ƙwaya, na roƙi ruwa, na ba yarinyar. Yaya Balki ta farka ta ce ita kanta ba ta san yana cara waya a kashe ba, wannan aikin wani Baba Ojo ne na wurin aikinsu tun da daɗewa, zan gan shi.

Masaukin da aka ba mu, ƙofarsa ba ta da makulli, wani kati ake nuna mata ta buɗe. Ɗakin sanyi kamar cikin randa. Gadon ya kai mini ƙugu, na duba tsawonsa, na duba ƙasa, na ce in ciwon ya tashi daga nan za ta faɗo. Na shimfiɗa zani tsakanin gado da bango muka kwanta. Kwana uku gadon nan yana hutawa, har mai gyaran ɗaki ta tambayi Yaya Balki ko wani laifi ya yi mana. Ruwan zafi kuwa daga bango yake fitowa ba wuta ba hayaƙi, na ɗaure ƙofar banɗakin da ɗankwali.

Abinci an jera shi a tire-tire, kowa ya ɗiba da kansa, ba mai cewa bisimilla, ba mai cewa ƙara. Na ɗibi wata miya ja, na yi loma ɗaya, na ji kunnuwana sun buɗe. Yarinyar ba ta ci komai ba sai soyayyar ayaba. Na nemi koko, aka kawo wani abu mai kama da shi wanda bai taɓa jin labarin tsamiya ba.

Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, wani ma da gira yake yi. A ɗan ɗakin nan mai hawa da mutane sama, za ki tsaya ƙirji da ƙirji da mutum, kowa yana kallon rufi. Ran farko na yi wa wani sallama, na tambayi kwana, na tambayi gajiya, kafin in kai ga mutanen gida ƙofa ta buɗe ya fice. Har yau ban san yadda iyalinsa suke ba.

Gidan kamfanin gilashi ne tun daga ƙasa har sama. A bangon shiga agogo biyar ne a jere, kowanne da lokacin wata ƙasa, duka suna tafiya daidai. Yaya Balki ta fara kai ni can sama in ga wuri. Samari da ƴan mata zaune a kan wasu buhuna masu launi, ga abinci kyauta, ga lemo. Na tambayi aikinsu, ta ce suna yin abin da in ka ɗauki hoton fuskarka zai sa maka kunnuwan kyanwa. Na ƙirga kai talatin da wani abu, na gaji. Sannan muka sauka. Muka wuce ƙasa, muka ƙara sauka, muka ratsa inda ake ajiye motoci, har wani ɗaki kusa da injin wuta. Tebur biyu ne a ciki. Nan ne gidan agogo da fitila da rediyo da lissafi na duk wayoyin da ke ƙugun matan ƙasarmu.

Baba Ojo tsoho ne, Bayarabe, a Sabon Garin Kano ya girma, Hausarsa ta fi tawa tsari. Shi kaɗai a Legas ya gaishe ni har ƙarshe, har da tambayar damina. Ya karɓi wayata da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Na sauke masa sautun mutanen hanya, ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan ya sani, wannan ma ya sani, ya daɗe da rubutawa sama.

Washegari aka yi taron. Mutum kamar goma a dogon tebur, kowa da kwamfuta a gabansa. Babbansu wani mai gilashi a ido ne, kuma da sunansa tsirara suke kiransa, ba Alhaji ba Malam. Yaya Balki ta yi bayani da Turanci, sannan ta ce in nuna musu. Aka fara miƙa wa wani daga cikinsu wayar ya buɗe bayanta. Ya juya ta, ya matsa, ya karya farce. A gidan da aka haife ta ba wanda ya san yadda ake tuɓe mata riga.

Na karɓa. Shekara huɗu ina wannan aikin cikin turereniyar kasuwa, hannuna ya saba. Na ɓalle, na cire, na mayar, na kunna. Agogon ya nuna sha ɗaya da minti goma, daidai da na bango.

Mai gilashi ya buɗe hannuwa yana murmushi. Wani ya yi ƴar dariya. Na dubi Yaya Balki, duk sanyin ɗakin nan gumi ne a goshinta. Ni kuma na ji kamar wadda ta kai yaro likita da zazzaɓi, yana shiga ya hau wasa.

Na ce, "Yaya, ki ce masa Malam Idi ba ya ba da batir da wuri haka. Ki ce masa yanzu za mu shiga kasuwa."

Na sake cirewa, na ajiye batir a tebur, na harɗe hannuwa. Mutanen da ba sa iya tsayawa a gama gaisuwa, na zaunar da su tsawon tafasar shayi suna kallon batir. Sannan na mayar. Sifili huɗu, ɗaya ga Janairu.

Mai gilashi ya tambayi me zai sa mutum ya cire batir tun farko, me ya hana in soka wayar a bango. Na ce a gaya masa bangonmu na ƙasa ne, abin da ke fitowa daga cikinsa gara ce. Suka yi dariya, suka tafa, kowa ya ɗauko wata ƴar takarda rawaya yana rubutu yana liƙawa a bango kamar masu rataya layu. Amma na lura mai gilashi ya rufe kwamfutarsa, ya dubi agogon hannunsa. Na san wannan dubawar, irin ta mai kabu-kabu ce. Labarin ya yi musu daɗi, kuma yanzu za su tashi su ci abinci.

Wata budurwa mai ɗaukar hoto ta tambayi wace illa hakan ke yi, kuma mene ne sunan yarinyar. Yaya Balki ita ta san al'adar gida. Ta raɗa mini cewa in bari ita za ta faɗa.

Ban bari ba. Na sauko da yarinyar daga cinyata, na naɗe hannun rigarta na hagu har kafaɗa, na juya ta kowa ya gani. Sannan na faɗi sunanta, na yanka, da bakina, a gaban maza baƙi. Tun da aka raɗa mata shi ban taɓa furta shi ba. Na ce wannan aikin agogonku ne, ranar da ya manta.

Ba wanda ya tafa. Mai gilashi ya sake buɗe kwamfutarsa. Ya yi magana mai tsawo, Yaya Balki ta taƙaita mini: abin ya taɓa shi ƙwarai, za a sa maganar a jerin abubuwan dubawa, za a tura babban gidansu na ƙetare, in manya bakwai sun sa hannu za a gyara a wayoyin da za a yi nan gaba. Tawa da ta Hajara da ta mai tsaron iyaka kuwa, an riga an haife su. Budurwar ta rubuta sunan a takarda rawaya ta liƙa a bango. Aka kawo mini kyautar babbar waya mai fuskar gilashi, wadda ba a cire mata batir sam, aka ɗauke mu hoto.

Muna fita na waiga, iskar na'urar sanyi ta ɓamɓaro takardar ta faɗi ƙasa inda takalma ke bi. Na koma na tsince ta.

A ƙasa Baba Ojo ya karɓi ƴar wayata ya gyara lokacin, amma bai miƙo mini ba. Ya ce, "Ƴata, su na biyun suka gani. Ni na farkon ne ya tsaya mini a rai, da kika yi sauri bai manta ba." Ya ce akwai wani ɗan abu a ciki kamar ƙwayar gero, mai riƙe numfashin wuta kaɗan. Shi bai taɓa auna shi ba, don bai san akwai masu raba waya da batir kowane mako ba. Ya ɗauko agogonsa ya ce in cire in ƙirga. Na ƙirga, ya ce na yi sauri. Na sake, ya ce na yi nawa. Ya ce ƙirgata tana bin tsorona, akwai abin da nake yi kullum wanda saurinsa ba ya canzawa?

Na ce daka.

Na dunƙule hannu ina buga tebur kamar taɓarya a turmi, shi yana cirewa yana mayarwa, Yaya Balki tana rubutawa, yarinyar tana taya ni da nata ɗan hannun. Bugu takwas, yana nan. Goma sha biyu, yana nan. Goma sha biyar, ya mutu. Muka maimaita har sau shida. Sai ya jawo aljihun teburinsa, cike da tsofaffin wayoyi, ya zaɓo batir irin nawa ya gwada shi, ya sa mini a tafin hannu. Ya ce ɗaya a waya, ɗaya wurin Malam Idi, in musanya kafin bugu goma sha biyu.

Ya ce, "Wannan ba ya buƙatar sa hannun kowa."

Na ba shi takardar rawaya, na ce ba zan iya barinta a ƙasa ba, ba zan kuma iya kai ta gida Inna ta gani ba. Ya karanta a zuci, bai furta ba. Ya samo ƙusa ya kafe ta a bango saitin fuskarsa.

Dawowa ba wani labari, sai dai a iyaka na tarar da mai fitila na ce masa saƙonsa ya isa, ana dubawa. Ya ce haka su ma suke cewa.

Babbar wayar maigidan ya karɓa. Ran farko duk majalisarsu sai da kowa ya ga kansa da kunnuwan kyanwa, har ladan. Kafin magariba ta mutu, kuma kasuwa saura kwana shida. Yanzu kwana ɗaya take aiki a mako, sauran kwanakin Inna na duba fuskarta a ciki in za ta sa kwalli.

Yaya Balki ta kira shekaranjiya, ta ce mutum biyu sun sa hannu cikin bakwai, na ukun ya tafi hutu. Na ce a gaishe shi. Ni dai ranar kasuwa in na karɓo batir sai in zauna a gindin bishiyar bedi, in ɗora wayar a cinya, in ja numfashi, ƙafata na buga ƙasa. Yawanci a bugu na bakwai na gama. Kasuwa tara ke nan zakara bai yi cara da la'asar ba, yarinyar kuma ba ta faɗi ba, Allah ya ɗorar.

Hajara, ke da kika fi kowa dariya, na ga kin sayi batir na biyu. Ki zo da shi gobe bayan daka in nuna miki. Amma kada ki tambaye ni sunan, sau ɗaya na faɗe shi, kuma yana can Legas a kafe da ƙusa.